Norma Ta Daina Hawa Bene

A gidan Norma Pallister ba a zuwa ganin likita da dauɗa. Ko mutum numfashinsa na sama-sama ne, sai an goge masa jiki, an sa masa wankakkiyar riga, an taje masa kai, sannan a kira motar asibiti. Haka uwarta ta yi mata, haka ita ma ta yi wa marigayi mijinta Stan ranar da zuciyarsa ta buga a ƙofar kicin: tana kuka tana cuɗa masa wuya da tawul, wai kada ma'aikatan asibiti su ce matarsa ƙazama ce. Duk tsofaffin matan layinsu a Redcar, wani gari na bakin teku a Ingila, haka suke. Rashi bai taɓa ba su kunya ba, amma a ce an ga ɗan gidanki da baƙin wuya a gaban likita, wannan kam sai ki yi wata ba ki leƙa kanti ba.

Jikanta Kian kaɗai ya rage mata a gidan. Uwarsa, 'yar Norma, ta bi wani direban babbar mota ta yi kudu tun yana ɗan shekara shida, ba ta sake waiwayowa ba sai gaisuwar Kirsimeti ta waya. Yana sha huɗu ciwon ya same shi. Babu ihu, babu fashe-fashe. Yaro ne kawai ya daina ƙwallo, ya daina makaranta, ya daina wanka, ya daina saukowa daga bene, har ya zama in an yi masa magana sai ya daɗe yana kallon bakin mai maganar kafin ya gane da shi ake. Wata safiya cikin tsananin sanyi wani mai yawo da kare ya janyo shi daga teku, ruwa ya kai masa ƙirji, da takalmansa a ƙafa. Daga nan sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara suka karɓe shi, suka haɗa shi da wata nas mai suna Philippa.

Allah ya yi wa Philippa albarka, ita dai. Doguwar mace ce mai wata gwangwanin mota da ake jin zuwanta tun daga kwanar layi. Duk mako sai ta zo gidan. In Kian ya sauko, su zauna a kicin. In ya ƙi, ta karɓi kofin shayinta ta hau ta zauna a kan matakalar ƙarshe, ta jingina da ƙofarsa, ta yi ta ba shi labarin tantabarun babanta har ya gaji ya tanka. Ita ta koya wa Norma aikin safiya.

"Kullum ki hau," ta ce mata. "Ko ya zage ki, ko ya juya miki baya. Ba don ya warke ranar ba. Don ya san akwai mai zuwa."

Norma kuwa ta riƙe wannan magana gam. Kullum da safe, da gwiwarta mai ciwo, sai ta hau da ruwan ɗumi da tawul da gasasshen burodi. Ta yaye labule, ta buɗe taga, ta tsaya a kansa har ya haɗiye magani, ta goge masa fuska da hammata, ta canza masa riga. "Tashi, ja'iri, ɗakin nan ko akuya ba ta kwana a ciki," in ji ta. Shi kuma daga cikin bargo ya ce, "Nana, don Allah," domin haka yake kiran kakar tasa. Da wannan fama, da na Philippa, da maganin, yaron ya riƙa ɗagowa kaɗan-kaɗan. Bai warke ba, amma yana raye, har wani lokaci yakan raka ta sayen soyayyen kifi da dankali ranar Juma'a.

Sai kuma shekara sha takwas ta doso.

Ni dai har yau ban ga wanda ya fahimtar da ni yadda ciwo ke sanin ranar haihuwar mai shi ba. Amma haka tsarin yake: ranar da yaro ya cika sha takwas, sashen yara sun gama da shi, sai sashen manya, kuma su manyan ba kowa suke ɗauka ba. Sai sun gan ka, sun tantance, sun yarda ciwon naka ya kai. Philippa ta yi ta zirga-zirga har ta samo masa ranar tantancewar kafin ranar haihuwarsa. Ta so ta raka su, sai aka tura ta wani gida da gaggawa. Abin da ta ce wa Norma a waya shi ne, "Ki dai tabbata ya je." Ba ta ce komai game da wanka ba. Wa zai yi tunanin sai an faɗa?

Tun ana jibi Norma ta fara shiri. Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta yi kuka, har ya yarda aka kira mai aski gida. Ranar da safe ta tara masa ruwa a baho, ta tsaya a bayan ƙofa tana ba da umarni: bayan kunne, ƙarƙashin farce, tsakanin yatsun ƙafa. Ta fito da kwat ɗin Stan mai ruwan toka wadda ya sa a bikin 'yarsu, ta goge ta har karin wandon ya tsaya cak. Ta goge takalma. Da Kian ya sauko, sai da ta dafa bango, domin kakansa ta gani tsaye yana saurayi.

"Ka ga mutum," ta ce, tana gyara masa kwala. "To saurara. In ka shiga ka gaishe su. Ka dubi idon mai yi maka magana, ban da sunkuyar da kai kamar ɓarawo. In sun tambaye ka yaya kake, kada ka zauna kana kai ƙara kamar maroƙi. Mu ba ma haka."

"To, Nana."

"Ka zauna a miƙe."

"To."

A cikin bas wata maƙwabciya ta ce, "Kai, Norma, wannan Kian ne? Aure za a kai shi?" Norma ta yi dariya har da rufe baki, ranta fes. Rabon da ta ji daɗi irin na ranar ta manta.

Ofishin manyan ba kamar na yara ba ne. Can akwai zanen kifaye a bango da kwandon kayan wasa. Nan kujeru ne a jere, an ɗaure su da ƙasa, da wata mata a bayan gilashi. Da aka kira sunan Kian, Norma ta miƙe ta ɗauki jakarta kamar yadda ta saba, domin shekarun nan duka ita ce bakinsa a gaban likita. Wani saurayi mai ɗauke da kwamfuta ya tare ta da murmushi.

"Mama, ki zauna a nan. Shi kaɗai za mu gani."

"Ni ce kakarsa. Ni na raine shi."

"Na gane. Amma nan shi ne mai magana. Kian, kana so ta shigo?"

Kian ya dubi kakarsa. Ita kuwa ta ɗaga masa haɓa, irin alamar nan ta tsaya kamar namiji. Ya ce, "A'a, ba komai. Zan iya."

Ta zauna tana murza hannun jaka. Bai daɗe ba ya fito, fuskarsa ta yi fari fat, rigar ciki ta jiƙe da gumi, amma kwat ɗin ta rufe. A tashar bas ta ce, "Yaya?" Ya ce, "Na yi yadda kika ce." Da suka isa gida ko takalmin bai cire ba ya hau ya kwanta, bai sake saukowa ba sai bayan kwanaki.

Ranar haihuwarsa Philippa ta zo zuwanta na ƙarshe. Ta kawo masa ɗan kek, ta zauna a matakala ta yi masa ban kwana ta bayan ƙofa, sannan ta sauko kicin idonta jawur. Norma ta zuba mata shayi. Ƙanwar Norma, Maxine, tana nan ita ma, ta zo cin kek.

"Ba su ɗauke shi ba," in ji Philippa.

Norma ta ajiye butar. "Kamar yaya?"

"Sun ce ciwonsa bai kai nasu ba. Sun ce ya koma wurin likitan unguwa, ya ci gaba da karɓar magani."

"Bai kai ba? Yaron da aka tsamo daga teku?"

"Na faɗa musu. Sun ce wancan ya daɗe. Su abin da suka gani ranar suke dubawa." Philippa ta riƙa juya cokali, ba ta so ta ƙarasa, amma Norma ta kafe ta da ido. "Sun ce ya zo tsaf-tsaf, da aski, da kwat a goge. Ya gaishe su, yana kallon ido, ya zauna da kyau. Sun tambaye shi yaya yake, ya ce lafiya lau, babu abin da zai yi ƙorafi a kai. Sun tambaye shi ko yana iya kula da kansa, ya ce ƙwarai. A wurinsu wanda ya iya wannan, yana iya rayuwa."

Maxine, wadda bakinta bai taɓa sanin lokacin da ya kamata ya rufu ba, ta ce, "Ikon Allah. Yaya, kin wanke yaro har kin wanke masa magani."

"Rufe min baki, Maxine!"

"Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba, kuma abin da ya fi ƙona wa Norma rai ke nan. Ta tsaya a gaban famfo ta ba su baya. Shekara saba'in da wani abu tana alfahari da cewa ba a taɓa ganin nata a wulaƙance ba, yau ga shi tsabtar ce ta cuci yaron. Ta ji kamar ta ɗauki kwat ɗin ta cusa a murhu.

Philippa ta ce ta yi musu rigima, ta kai maganar gaban shugabarsu, har sun yarda su sake ganinsa sau ɗaya bayan wasu makonni. Daga wannan babu wani. "Ni daga yau ba ni da izinin zuwa gidan nan," ta ce. "Ko wayarku ba a yarda in ɗauka ba. Amma, Norma, wannan karon ki bari su gan shi yadda yake." Ta rungume ta, ta fita. Suna ji gwangwanin motar ta yi tari ta tashi, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace.

Maxine ta yanki kek ta tura baki. "Kin ji dai abin da ta ce."

"Na ji. Ba zan sa masa kwat ba."

"Kwat? Ke kina ganin kwat ce kawai? Yaron nan kullum kina goge shi kamar azurfar coci. Ko da rigar barci kika kai shi, ƙamshin sabulu zai riƙa yi, kumatunsa cike da burodinki. Su ce lafiyarsa ƙalau. Ɗan Sandra na bayan layi sai da ya kwana uku a tashar jirgi babu takalmi kafin su karɓe shi. Mutanen nan ba sa ganin ciwo sai ya yi wari, Yaya. Yadda yake, ta ce. Yadda yake in babu ke."

"Kina nufin in zuba masa ido?"

"Na ɗan lokaci ne. Ki ajiye masa abinci da magani a ƙofa, ba wanda ya ce ki kashe shi da yunwa. Amma ki cire hannunki. In sun gan shi sun karɓa, sai ki wanke abinki har fatar ta saɓule."

Norma ta kore ta daga gidan ranar. Amma maganar ba ta bi Maxine ta fita ba. Ta yi ta juya ta, tana wanke-wanke tana juyawa, tana cikin coci tana juyawa. Shin Philippa haka take nufi? Babu damar tambaya, lambarta ma in an kira wata murya ce ke cewa a tuntuɓi likitan unguwa. Likitan unguwa kuwa ya ce shi magani kawai zai iya rubutawa. Ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga kowa ba. Ita tsohuwa ce, gwiwa ta tafi, zuciya ma likita ya ce a bi ta a hankali. Ranar da ta faɗi, wa zai hau benen nan? In manyan ba su karɓe shi yanzu ba, teku na nan inda take, tafiyar ƙafa ce daga gidan.

Ta yi tunanin ta gaya masa shirin. Sai ta tuna halinsa: Kian bai iya ƙarya ba, kuma kunya gare shi kamar ita. In ya san ana so a nuna shi a wulaƙance, ranar zai tashi ya yi wanka ko da zai suma a bahon, ya je ya sake ce musu lafiya lau. Don haka ba ta gaya masa ba.

Safiyar farko ta hau da faranti da magani, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, ta juyo. Ba ruwan ɗumi, ba tawul, ba yaye labule. Ta sauko ta zauna a kicin da hannuwanta a cinya, ta rasa abin da za ta yi da su. Can ta ji ƙofar ta buɗe, aka ja farantin ciki.

Haka aka yi ta yi. Da farko farantin na dawowa babu komai. Daga baya ya riƙa dawowa da rabi. Daga baya kuma sai ta tarar da shi yadda ta ajiye, burodin ya bushe, man shanun ya daskare, ƙwayar maganin wani lokaci an ɗauka wani lokaci tana nan. Wari ya fara saukowa ta matakala, irin warin ɗakin da ba a buɗe taga, da jikin da ba ya ganin ruwa. Norma, wadda ko ƙurar kan talabijin ba ta iya kwana da ita, ta riƙa wucewa ta ƙasan benen tana danne numfashi. Ta goge ƙasan gidan har tayil ya fara dushewa. Ta wanke labulayen falo da ba su yi datti ba. Ta rame, ita ma abincin ba ya shiga.

Wata rana da hantsi tana wanke kofuna ta ji motsi a saman matakala. Ta kashe famfo.

"Nana?"

Muryar ta dushe, kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Norma ta riƙe bakin wurin wanke-wanken da hannu biyu. Ƙafarta har ta juya da kanta.

"Nana, kina nan?"

Da ta amsa, da ta hau. Da ta hau kuwa ta san ba za ta iya ganinsa haka ta sauko ba tare da ta wanke shi ba, duk wahalar da suka sha ta tashi a banza. Ranar tantancewar ta kusa. Ta ce a ranta, yi haƙuri ɗan nan, saura kaɗan, don kai nake yi. Ta sake buɗe famfon har ƙarshe, ruwa na dukan kwano da ƙarfi, ta tsaya hawaye na zuba a cikin kumfa. Da ta kashe, babu kowa a saman. Daga ranar bai sake kiranta ba.

Maxine ta leƙo da yamma, ta shaƙi iskar gidan ta yamutsa fuska. "To, yanzu kam ko makaho ya san akwai mara lafiya a gidan nan."

"In kika ƙara magana sai na fasa miki kofin nan a ka," in ji Norma, kuma da gaske take.

Ranar ta zo. Norma ta kira tasi tun da wuri, domin duk taurin ranta ba za ta iya shiga bas da shi a haka ba, idon maƙwabta na kansu. Ta sa rigar sanyinta, ta ɗauki jaka, ta hau benen a karo na farko da niyyar shiga. Ta murɗa hannun ƙofar. Ƙofar ta motsa kaɗan ta tsaya. An jingina mata wani abu mai nauyi daga ciki.

"Kian, tashi. Yau ne za mu je. Ba sai ka yi wanka ba, taho yadda kake."

Ta ƙwanƙwasa ƙofar.

"Kian! Mota na jira a waje. Buɗe min."

Ta tura da kafaɗa, ta buga da tafin hannu, ta yi lallashi, ta yi zagi. Mai tasi ya yi ta danna oda, ya gaji ya shigo, ya ga tsohuwa na kokawa da ƙofa, ya ce ko ya taimaka ya ɓalle ta. Sai ga murya daga ciki, a hankali: "Kada kowa ya shigo." Mai tasin ya ɗaga hannuwa ya ce shi ba ruwansa, wanda ke ciki babba ne ba yaro ba, ya sauka ya yi tafiyarsa.

Norma ta sauko ta kira ofishin. Matar bayan gilashi ce ta ɗauka, da muryarta mai laushi.

"Jikana Kian Pallister, yau ne za ku gan shi. Ya kasa fitowa daga ɗaki. Ku turo wani ya zo ya gan shi, don girman Allah. Yanzu ne za ku ga ciwon."

"Ayya, Mama. Shi ne ya ce ki kira?"

"Ina ce miki ko ƙofa ba ya buɗewa!"

"Na gane, kuma na tausaya miki. Amma ba zan iya tattauna maganarsa da ke ba sai da yardarsa. Babba ne yanzu. Ko za ki ba shi wayar?"

"Ba zai karɓa ba."

"To, in bai zo ba, za a ɗauka bai shirya karɓar taimako ba tukuna. Za mu mayar da shi wurin likitan unguwa. In ya shirya, likitan zai iya sake turo shi, ya shiga layi."

"Layin nan na wata nawa ne?"

"Ba zan iya cewa ba. Da ɗan tsawo."

"Yarinya, saurare ni. Wancan karon kun ce lafiyarsa ta yi yawa. Yau kuma ciwon ya yi yawan da ba zai iya zuwa ba. To wane irin mara lafiya kuke so? A ina ake samunsa?"

"Ki yi haƙuri, Mama. In kina ganin zai cutar da kansa yanzu-yanzu, ki kira motar asibiti. Ya ce zai cutar da kansa?"

"Bai ce komai ba."

"To."

Norma ta ajiye wayar. Ta daɗe a tsaye a falon da ta goge har yana ƙyalli, da rigar sanyi a jikinta da jaka a hannu. Ba ta taɓa jin ta tsufa irin na wannan lokacin ba. An rufe ƙofar yara, an rufe ta manya, ita kuma da hannunta ta yi wa yaron abin da ko maƙiyi ba zai yi masa ba, kuma a banza.

Ta tuɓe rigar, ta hau a hankali tana dafa bango. Ba ta iya tsayuwa ba, sai ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar, kusa da farantin jiya.

"Kian. Ɗan nan. Ni ce."

Ta ji motsin bargo. Ashe yana kusa, a ƙasa shi ma, ta ɗaya gefen.

"Ka buɗe min in shigo. Ba inda za mu je, an fasa. In buɗe maka taga kawai."

"Ba sai kin wahala ba, Nana."

"Wace irin wahala? Ni ce fa."

"Na sani." Yana magana a hankali, babu fushi ko kaɗan, kuma rashin fushin ne ya fi tsorata ta. "Ban ji haushinki ba. Kin yi ƙoƙari. Philippa ma ta yi ƙoƙari."

"Me kake faɗa haka?"

"Philippa ta ce min in na cika sha takwas nata ya ƙare, ba laifina ba ne, haka tsarin yake. Da kika daina zuwa sai na gane ke ma naki ya ƙare. Na so in tambaye ki ne ranar nan, in tabbatar. Da kika buɗe famfo sai na gane."

Norma ta kifa goshinta a jikin ƙofar. "A'a! A'a, Kian, wallahi ba haka ba ne. Dabara ce. Don su gan ka a haka su karɓe ka. Maxine ce ta ce, ni kuma na biye mata, tsohuwar banza. Don kai na yi. Kullum ina ƙasa ina jin motsinka, ko barci ba na yi. Nawa ba ya ƙarewa, ka ji? Ni ba ma'aikaciya ba ce, kakarka ce."

"Kin ji ni ranar?" ya ce.

Ta buɗe baki. A gidan nan ba a saba ƙarya ba, kuma ko ta yi ya riga ya sani.

"Na ji ka."

"To," in ji Kian.

Ta ji ya ja jiki ya bar bakin ƙofar, gadon ya yi ƙara da ya hau. Ta yi ta kiran sunansa har muryarta ta shaƙe, bai sake amsawa ba.